Babi na Shida: Bindigar Kaboyi da Nisan Harbi a Dajin Yammacin Zamfara

Wanda duk ya bi hanyar Anka zuwa Gummi ta Daki Takwas da kaka, lokacin da gamba ta kai ƙirjin mutum, ya san da zarar an sauka daga titi ido ba ya cin nisa. Sabara da geza da kalgo sun toshe ƙasa, marke da taramniya da kaɗanya sun cike tsakani, ga kwazazzabai da suka tsattsaga daji suna gangarawa Gulbin Zamfara da Gulbin Ka. A irin wannan wuri maharbi yakan ga gada ne a taki 30 ko 40, ita ma sai in ta motsa kunne. Ko da rani ya tsaga, an ƙone ciyawa, daji ya yi wayam, da wuya mutum ya hangi nama a fili fiye da mita 100 ba tare da wani reshe ko suri ya gitta ba. Da wannan ma'aunin ya kamata a shiga zancen bindigar da samari ke yawan tambaya a kanta, wadda suka sani a finafinan kaboyi, yanzu kuma suke gani a wayoyinsu: bindiga mai liba a ƙarƙashi, wadda ake ɓalle hannunta ƙasa a mayar, kwanso ya fice, sabon harsashi ya shiga.

Tambayar da suke yi iri ɗaya ce. Wacce ce ta fi kyau a farauta, ta kuma fi kai harbi nesa? Buƙata biyu ke nan aka cusa cikin tambaya ɗaya, kuma a jikin wannan bindiga ba sa zama lafiya da juna.

Aikinta ba shi da wuyar ganewa. A ƙarƙashin bakinta akwai wani bututu da ake jera harsasai a ciki, kan wannan a gindin wancan. In aka tura liba gaba, sai ƙarfen da ke toshe gindin baki ya ja da baya, ya fizgo kwanson da aka harba ya jefar, ya ɗana bindigar, wani ɗan cokali kuma ya ɗago sabon harsashi. In aka mayar da liba, harsashi ya shige, komai ya kulle, saura jan kunama. Gwani yakan yi wannan bai sauke bindiga daga kafaɗa ba, bai kuma ɗauke ido daga kan nama ba. Wani Ba'amurke, Benjamin Tyler Henry, shi ya yi rajistar ƙirarta a 1860, tana ɗaukar harsashi 15 a bututu, a zamanin da yawancin sojojin duniya ke ɗura bindiga ta baki kamar yadda maharbanmu ke yi har gobe. Kamfanin Winchester ya gaje ta, ya fitar da samfurin 1866 mai jikin tagulla, sannan na 1873 wanda aka ƙera fiye da 700,000. Daga baya John Browning ya zana musu na 1886 da 1892 da 1894. Wannan na ƙarshen ya wuce miliyan 7, kuma shi ne ya zo da harsashin da ake kira .30-30 a 1895, ɗaya daga cikin na farko a Amurka da suka rabu da baƙin albarushi mai hayaƙi.

Akwai wani yaƙi da masu tarihin makamai ba sa tsallakewa, kuma ya fi kowane talla faɗin gaskiyar bindigar. A 1877 sojojin Daular Usmaniyya ƙarƙashin Usman Pasha suka kafe a garin Plevna, cikin ƙasar Bulgeriya ta yau, rundunar Rasha ta yi ta kawo musu hari tana komawa da gawawwaki. Turkawan suna da Winchester samfurin 1866, amma ba da ita suke tarar abokin gaba daga nesa ba. Wannan aikin wata doguwar bindiga ce ke yi, Peabody-Martini, mai cin harsashi ɗaya. Sai Rashawa sun matso kusa sannan a ajiye ta a ɗauki mai liba a yi musu ruwan wuta. Tun tana sabuwa ke nan masu riƙe da ita sun san ta kusa ce.

Dalilan suna cikin ƙirarta. Babba shi ne bututun nan. Tun da kan kowane harsashi yana jingine da gindin na gabansa, daidai inda ƙwayar wuta take, in aka sa mai tsinin kai, girgizar harbi tana iya sa ya soki na gaba su tashi a cikin bututu. Don haka dole kan harsashinta ya zama mai dakali ko mulmulalle, shi kuwa irin wannan kai iska tana cin ƙarfinsa da wuri. Harsashin .30-30 yana barin baki da gudun kusan mita 730 a daƙiƙa, abin da ba a raina ba. Amma in aka daidaita saiti a mita 100, kafin ya kai 200 ya sauka kusan taƙi guda, a 300 kuwa ya kusa kamu biyu. Ƙirjin barewa gaba ɗaya bai fi taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba. Mutumin da ya ƙiyasta nisa ya yi kuskuren taki 30 kawai, ko dai ya bugi ƙasa ko ya karya mata ƙafa.

Sai kulle. A tsofaffin samfuran ƙarfen toshiya daga baya yake kulluwa, saboda haka yakan ɗan ba da kai in wuta ta tashi, ba ya jure harsashi mai tsananin matsi irin na bindiga mai sakata, wadda ke kulluwa daf da gindin harsashi. Ƙotarta kashi biyu ce, ga zobba da suka ɗaure baki da bututu, in baki ya yi zafi sai saiti ya fara yawo. Winchester ta 1894 kuma ta sama take tofar da kwanso, wurin da ya kamata a ɗora madubin hange, sai a 1982 kamfanin ya karkatar da mafitar gefe. Wani ƙaramin abu da sojoji suka tsana: mai kwance rub da ciki ba ya iya tura liba ƙasa sai ya ɗaga jiki ko ya karkata bindiga.

Maƙera sun yi ta neman dabarar kauce wa waɗannan. Browning ya yi samfurin 1895 da gidan harsashi a tsaye maimakon bututu, abin da ya ba da damar sa mai tsini. Rasha, wadda ta sha wuya a Plevna, ta sayi kusan 300,000 daga cikinta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt kuma ya riƙe ta a farautarsa ta Gabashin Afirka a 1909. Kamfanin Savage ya fitar da samfurin 99 mai gidan harsashi da ke juyawa. Marlin 336, wadda ta fito a 1948, ta gefe take fitar da kwanso, samanta a rufe, madubi yana zama daram. A 1971 aka samu Browning BLR mai kulluwa ta gaba, tana cin harsashin .308, ita kam tana kai wa mita 300 zuwa 400 a hannun wanda ya iya. A 2006 kamfanin Hornady ya zo da harsashi mai tsinin roba mai laushi wanda ba ya tayar da na gaba, ya ƙara wa tsohuwar .30-30 ɗan zango. Saboda haka a ƙasashen da mafarauci ke shiga kanti ya zaɓa, shawarar a taƙaice take. Mai shiga kurmi bayan barewa ya ɗauki .30-30. Mai tsoron haɗuwa da babbar dabba a kusa ya ɗauki .45-70, harsashin sojan Amurka na 1873, mai nauyi, mai dukan kafaɗa, wanda ke faɗuwa da wuri fiye da kowanne. Mai son nisa ya nemi BLR. A ganina wannan na ƙarshen ya ba kansa wahala, domin duk gyaran da aka yi wa mai liba don ta kai nesa mayar da ita ne 'yar'uwar mai sakata, ta ƙara nauyi, ta ƙara tsada, ta rasa sauƙin riƙo da saurin ɗagawa da aka so ta dominsu.

Abin mamaki shi ne, in da daji ne ke zaɓen bindiga, da dajin Bagega da na Gando da Kuyambana sun zaɓi wannan. Gajera ce, ba ta sarƙewa a ƙaya, nauyinta bai fi kilo 3 da ɗoriya ba, ba ta da tudu a ciki da zai hana a damƙe ta a tsakiya a yi tafiyar yini, ga harbi na biyu a shirye in gadu ya juyo. Amma ba za ka taras da tsohon maharbi a Anka ko Gwashi da ya gaji irinta daga kakansa ba, kuma ba talauci kaɗai ya jawo haka ba. A ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu a duk faɗin da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu. Ƙasar Hausa kaf tana ciki. Abin da aka bari a kasuwa shi ne bindigar ƙanƙara mai santsin baki da baƙin albarushi. An ce don a kashe cinikin bayi aka yi. Shekara 13 bayan haka aka ga ɗaya amfanin, a Kwatarkwashi cikin Fabrairun 1903 da kuma filin Giginya na Sakkwato a watan Maris, inda mahaya da masu da takubba da 'yan bindigar toka suka tunkari bindigogin Turawa masu ɗurin gindi da mashinga. Shekarun da mai liba ke cika gidajen manoma a Amurka da Kanada su ne shekarun da aka kulle mana ƙofa, maƙeranmu suka ci gaba da kwaikwayon abin da ya rage a hannu: adaka, harbi-ka-ruga, baushe.

Dokar Makamai ta 1959, wadda Nijeriya ke aiki da ita har yau, ta gaji wannan rabon. Ta kasa bindigogi gida uku. Na farko haramtattu, sai da izinin Shugaban Ƙasa: mashinga, fistol, da bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62 ko 9, ko inci .300 da .303. Na biyu na amfanin kai, da lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda: bindigar harbin tsuntsu wadda ba ta ɗura kanta, da raifal ta farauta wadda faɗin bakinta ba ya cikin waɗancan lambobi. Na uku masu ɗurin baki, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. To, faɗin bakin .30-30 da .308 duka milimita 7.62 ne. Bindigar da manomin Amurka ke ratayewa a bayan ƙofa, lambarta ta faɗo daidai kan wadda dokarmu ta ware wa soja.

Da aka hana maharbin Zamfara nisa, sai ya koyi cinye nisan da ƙafarsa. Harbi-ka-ruga ba a amince mata bayan taki 40 ko 50, ɗurinta kuma yana cin lokacin da nama zai gudu ya ɓace, don haka harbi ɗaya ake da shi. Daga nan fasahar ta taso. Maharbi yakan ɗaura kan burtu a goshi, na gaske da aka busar ko wanda aka sassaƙa aka lulluɓe da fata, ya yafa baƙin tsumma, ya durƙusa yana rarrafe yana gyaɗa kai kamar tsuntsun na tsince-tsince, har ya shiga tsakiyar dabbobin da suka saba kiwo tare da burtu. Yakan debi ƙura ya saki don ya ga inda iska ta nufa. Ya san kashin mazo da na mariya, ya san sawun jiya da na ɗazu, ya san mashayar da ba ta ƙafewa a watan Afrilu. Kafin bindiga da kwari da baka ake yin wannan, da kibiya mai dafin kwankwani, shi ya sa har yau shugaban maharba a garuruwa da yawa Sarkin Baka ne ko da rabonsa da ɗana tsirkiya an daɗe. A wurin waɗannan mutane abin alfahari shi ne ƙarancin takin da ke tsakaninka da nama lokacin da ka ja kunama. Wanda ya zo yana fariyar ya harba daga nesa, tambayar farko da za a yi masa ita ce me ya hana shi matsawa.

Hausawa na cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. A kasuwa da zaman duniya haka ne, amma a dawa kuskure ya fi. Dabbar da aka kuskure ta tsira da lafiyarta, wadda aka sama a cinya ko a ciki kuwa takan shige sarƙaƙiya ta mutu bayan kwana biyu, kura da ungulu su ci. Malamai ma sun yi magana a nan. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Gummi da Anka kamar ko'ina a ƙasar Hausa, ta yi bayanin cewa naman da makaminka ya kashe halal ne in ka ambaci sunan Allah, in ka riske shi da rai ka yanka, amma akwai sharaɗin kada ya kwana a ɓace maka. Mai harbi daga mita 300 da la'asar sakaliya, ga kwazazzabo tsakaninsa da inda dabbar ta tsaya, shi ya fi kowa kusa da faɗawa wannan matsala. Kafin ya zagayo duhu ya rufa, sawun jini ya ɓace masa.

Duk wannan zance ne na dajin da ake iya shiga. Yau yawancin dazukan da aka ambata a sama suna hannun 'yan bindiga, manyan namun da suka rage, irin su gwanki da ɓauna, sun zama labarin tsofaffi. A farkon Janairun 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum kwana uku a jere. Mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin jiha ta ce 58. A watan Yunin shekarar gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasin riƙe bindiga, ta yi alkawarin raba fom 500 ga kowace daga masarautu 19. Rundunar 'yan sandan jihar ta ce takunkumin ba da lasin yana nan, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A Agustan 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasin a ƙasa baki ɗaya, a ƙarshen Janairun 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum fiye da 2,600. Saboda haka in saurayi a Nasarawar Burkullu ya tambayi bindigar da ke kai wa nesa, da wuya barewa ce a ransa. Ya ga mahaifinsa da harbi ɗaya a hannu, ya ga ɗan bindigar da ya zo da 30. Abin da bai sani ba, harsashin AK-47 da na .30-30 kusan zango ɗaya suke ci, kusan faɗuwa ɗaya suke yi. Abin da ya raba su yawan harbi ne da saurinsa, wannan kuwa magana ce ta yaƙi, ta hukuma da jami'anta, ta fita daga hannun Sarkin Baka. Shi kansa maharbin gaskiya bindigarsa ta zame masa abin zargi. A Maris na 2025 a garin Uromi na Jihar Edo aka kashe mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano daga kudu, bayan an ga bindigogin gargajiya a motar da ta ɗauko su.

Akwai wani ɓangaren zaɓen harsashi da mutanen Anka da Bukkuyum suka fi kowa cancantar a gaya musu, wato dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega da maƙwabtansu, sai da Likitocin Na-gari Na-kowa suka shafe shekaru suna jinya, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Waccan daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gida ta fito, ba daga bindiga ba. Amma ƙarfen ɗaya ne. Harsashi mai gudu in ya bugi ƙashi yakan farfashe ya bar ɓurɓushin da ido ba ya gani a cikin tsoka, nesa da ramin da ya huda, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta haramta harsashin dalma a kowace irin farauta tun daga Yulin 2019, mafarautan can suka koma na jan ƙarfe. Maharbin da ba shi da wannan zaɓi, abin da ke hannunsa shi ne ya yanke naman da ke kewaye da raunin da faɗi ya binne, kada ya jefa wa kare, kada kuma ya bar yara su yi wasa inda ake narka dalma.

Farautar da ta rage a wannan yanki ta koma bakin gonaki da fadamun Gummi: zabon daji da fakara da zomo da gafiya, da dinya da kirinjijiya in ruwa ya ja baya. Ana samunsu a taki 20 zuwa 40, wasu a guje, wasu a sama, aikin da kare da gora da bindiga mai watsa ƙananan ƙwayoyi suka fi kowace raifal iyawa. Ƙwayoyin nan ƙarfinsu yana mutuwa kafin mita 300. Harsashin .30-30 da ya kuskure zabo, in bakin bindiga ya ɗan ɗaga sama, yana iya yin tafiyar fiye da kilomita 2 kafin ya sauka, a ƙasar da bayan kowane kurmin sabara akwai mai cirar albasa ko yaro da awaki.